Kifin da ake biyan miliyoyi a kama shi kuma a sake shi

Mutum ne zai taso daga Landan ko New York ya hau jirgi zuwa Reykjavik babban birnin Aislan, daga nan a ɗauke shi a mota zuwa wani kwari da ko bishiyar kirki babu, ya saka wandon roba ya shiga ruwan da sanyinsa ke ratsa ƙashi, ruwa har ƙugu, ya yi ta wurga zare tun bakwai na safe, watakila sai a rana ta biyu ko ta uku kifi ɗaya zai taɓa masa, a yi ta ja-in-ja minti ashirin, yana zuwa hannu kuma sai ya cire ƙugiyar a hankali, a ɗau hoto, ya riƙe kifin a cikin ruwa har ya dawo hayyacinsa, ya sake shi ya tafi. Kuɗin wannan rana ɗaya, a manyan kogunan Aislan cikin watan Yuli, yana haura dala 1,000, a wasu ma ya ninka haka sau biyu ko uku. In ka ba masuncin Yawuri ko na Baga wannan labari kallon mara hankali zai yi wa mutumin, kuma ba zan ga laifinsa ba. Amma na daɗe ina bibiyar harkar nan, kuma abin da na gano shi ne makomar wani kifi mai ban mamaki ta ɗaure da wannan yawon hutu na masu hannu da shuni, ɗaurin da ni dai yake ba ni fata kuma yake ba ni tsoro.

Sai an san kifin tukuna kafin a gane maganar. Salmon na tekun Atlantika a kogi ake haifarsa. Uwar tana tona rami a cikin tsakuwa da jelarta gab da shigowar hunturu, ta zuba ƙwai ta rufe, 'ya'yan su ƙyanƙyashe bayan sanyi ya wuce, su yi shekara biyu zuwa huɗu a kogin, a can arewa sosai ma fiye da haka saboda ruwan sanyi ba ya barin su girma da wuri. Suna kai kamar tsawon tafin hannu sai jikinsu ya koma fari kamar azurfa su gangara teku, su yi tafiyar dubban kilomita har wajen tsibiran Faro da yammacin Girinlan suna kiwo. Bayan shekara ɗaya, biyu ko uku su juyo, kuma ikon Allah, kowanne kogin da aka haife shi yake nema, a ƙarshen tafiyar da ƙanshin ruwan yake gane gida. Shi ya sa kowane kogi da irin kifinsa, na Alta a Norwe manya ne jibga-jibga saboda kogin babba ne mai ƙarfi, na wasu ƙananan koguna kuma 'yan madaidaita. In irin wani kogi ya ƙare to ya ƙare kenan, ba kamar tarwadar kandami ba ce da za ka sayo wasu 'ya'yan ka zuba.

Wani abu kuma, daga ranar da ya shigo kogi salmon ya daina cin abinci, da kitsen da ya tara a teku yake rayuwa wata da watanni. To ka ga mai fatsa yana miƙa koto ne ga kifin da ba ya jin yunwa. Koton ma ba tana ba ce ba kuma ƙaramin kifi ba, ƙwaron bogi ne da ake ɗaurawa a jikin ƙugiya da gashin tsuntsu da gashin dabba da zare mai ƙyalli, wani bai fi ƙwayar wake ba. Tunda ba shi da nauyin da za a jefa shi, zaren ne ake yi mai kauri da nauyi, shi ake kaɗawa a iska ya ɗauki ƙwaron ya kai shi, da sanda mai tsawon ƙafa 13 zuwa 15 da ake riƙewa hannu biyu a manyan koguna. Akwai salon jifa da ya samo suna daga kogin Spey na Sikotlan, an ƙirƙiro shi ne saboda bishiyoyi da gaɓar da ke bayan mutum ba sa barin ya kaɗa zaren baya. A Aislan kuma inda ruwa yake garai-garai kana hango kifin a kwance, suna da dabarar jan ɗan ƙaramin ƙwaro a saman ruwa yana tsaga shi, sai ka ga kifi mai kilo 7 ya taso daga ƙasa ya cafke a gaban idonka. Wannan daƙiƙar ce mutane ke biya, duk sauran, otal da abinci da ɗan rakiya, cikon kaya ne.

Tirawut da char, wasu kifaye dangin salmon, lamarinsu ya fi sauƙi don su suna cin abinci a ruwan da suke, wato ƙwaron bogin yana kwaikwayon ƙwarin da suke ci ne da gaske. Kogin Laxá na Aislan da ke fitowa daga tafkin Mývatn, wanda sunansa ma ke nufin tafkin ƙananan ƙudaje, ya yi suna da tirawut saboda yawan ƙwari. Shi kuwa char babu kifin ruwan daɗi da ya kai shi shiga arewa, cikinsa ja ne kamar manja lokacin ƙwai, masu zuwa Girinlan a Yuli da Agusta a tanti ko 'yar bukka suke kwana su yi ta tafiyar ƙasa suna kamawa da yawa a rana. Amma babban kuɗi da babbar rigima duk a kan salmon suke.

To waye mai kogi? Nan ne gaɓar. A Aislan haƙƙin su na wanda gonarsa ke bakin kogin ne, kuma doka ta tilasta wa duk manoman da ke kan kogi ɗaya su haɗu su kafa ƙungiya guda, ba kowa ya yi gaban kansa ba. Ƙungiyar ce ke ba wani kamfani ko wata ƙungiyar masu fatsa hayar kogin na wasu shekaru, a raba kuɗin gwargwadon rabon kowa. Sannan an ƙayyade yawan sandunan da za su shiga ruwa a rana, wani kogin gaba ɗayansa sanda huɗu ko shida ne, wani goma sha wani abu, awa 12 a rana, lokacin su kuma bai fi wata uku da 'yan kwanaki ba a shekara. Shi ya sa za ka ga abokai biyu sun haɗa kuɗi sun sayi sanda ɗaya, wannan na jifa wancan na zaune a gaɓa yana jira. Tun 1932 kuma ƙasar ta hana kama salmon a teku. Wanda ya san yadda ake kange Matan Fada a Argungu, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe, kuma da Sarkin Ruwa a kai, ba zai ga baƙon abu a nan ba, asalin tunanin ɗaya ne, ruwan da yake da mai tsaronsa shi ke ajiye kifi. Bambancin shi ne a Aislan an mayar da abin lissafi, manomi ya san kifin da ke raye a kogi kuɗin hayarsa ne na baɗi, to ba zai yarda a zuba datti a ruwan ba, ba zai yarda a kwashe tsakuwar da kifi ke ƙwai ba, kuma in ya ga ɓarawon kifi da raga da dare shi zai fara kiran 'yan sanda. A wasu ƙauyukan wannan kuɗin ne ya sa har yanzu akwai mutane a gonakin, da tumaki kaɗai da tuni sun koma birni.

Wani ɗan Aislan mai suna Orri Vigfússon ya ɗauki wannan lissafi ya kai shi teku. A 1989 ya kafa asusun kare salmon na arewacin Atlantika, ya riƙa bin masu kuɗin da ke son fatsa yana karɓar gudummawa, sannan ya je wajen masuntan teku na Faro da Girinlan ya ce ga kuɗi, ku bar kifin ya wuce. Bai kira su ɓarayi ba, bai nemi a kama su ba, ya biya su diyyar sana'arsu ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi burge ni da mutumin, ya gane cewa ba ka raba mutum da abincinsa da wa'azi kaɗai. An yi yarjejeniya da Faro a 1991, da Girinlan a 1993, daga baya Ailan ma ta daina ragar da ke bin igiyar teku a 2007. Ya rasu a 2017. Su ma masu fatsar suka fara sakin abin da suka kama, a Sikotlan yanzu cikin kifi goma da aka kama fiye da tara mayar da su ake yi, ƙasar da a 1922 wata mata Georgina Ballantine ta ciro salmon mai nauyin laba 64, kusan kilo 29, daga kogin Tay, tarihin da har yau ba wanda ya karya da sanda a Birtaniya.

Maganar sakin nan fa ba ta kwanta min gaba ɗaya ba, gaskiya. Mu an rene mu a kan cewa dabba in za ka ci ka yanka ka ci, in ba za ka ci ba kar ka wahalar da ita don nishaɗi, kuma ba mu kaɗai ke ganin haka ba, a Suwizalan doka ta hana mutum ya je su da niyyar sakin abin da ya kama tun farko. Kuma ba kowane kifin da aka saka ne ke rayuwa ba, musamman in ruwa ya yi ɗumi ya doshi digiri 20 ko aka daɗe da shi a waje ana hoto. Sai dai in na ɗora a sikeli, kifin da aka saka mafi yawansu suna kaiwa ga zuba ƙwai, wanda aka buga wa sanda a ka kuwa ya tafi da dubban ƙwai a cikinsa. Don haka ina karɓar abin a matsayin wanda ya fi dama-dama, ba don zuciyata ta natsu da shi ba.

To an cire raga, ana sakin kifi, ya kamata a ce koguna sun cika ko? Ba su cika ba. A Norwe cikin shekarun 1980 salmon fiye da miliyan 1 ke dawowa daga teku kowace shekara, yanzu bai kai rabin haka ba. A Disambar 2023 ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta saka shi a sahun waɗanda suka kusa shiga barazana, ta ce ya ragu da kashi 23 cikin 100 tsakanin 2006 da 2020. Sai kuma a watan Yunin 2024, ana tsakiyar shigowar baƙi, hukumar muhalli ta Norwe ta rufe koguna 33 a lokaci guda, har da Gaula da Orkla waɗanda ke cikin manyan da ake ji da su, saboda kifin bai zo ba. Ka yi tunanin mai masauki da ya karɓi kuɗin mutane tun bara, da ɗan rakiya da aikinsa na shekara wata uku ne, da mai shagon da ke sayar da ƙugiya. An buɗe wasu daga baya da sharuɗɗa masu tsauri, amma kowa ya ji a jikinsa.

Dalilan suna da yawa kuma sun sarƙe da juna, teku na ɗumama, abincin da ƙananan kifin ke samu a hanya ya canja, madatsun wutar lantarki sun tare wasu koguna, akwai wata 'yar tsutsa mai suna Gyrodactylus da ta shigo Norwe a shekarun 1970 tare da 'ya'yan kifin da aka kawo daga waje, ta kusa share kifin koguna da dama har sai da aka riƙa zuba guba a kogi gaba ɗaya a kashe komai a sake zuba irin da aka adana, ita ce ma ta sa ba ka shiga kogi da kayan fatsarka sai an wanke su da magani. Amma abin da masana kimiyyar Norwe da kansu suka sa a sahun gaba shi ne kiwon salmon a kejin raga cikin teku.

Norwe na fitar da salmon na kiwo sama da tan miliyan 1 a shekara, kusan rabin na duniya, bayan mai da gas yana cikin manyan abin da ke kawo mata kuɗi. Kejin nan a cikin lungunan teku suke, wato daidai hanyar da 'ya'yan kifin kogi ke bi in za su fita. Inda aka tara dubban ɗaruruwan kifi wuri ɗaya ƙwarƙwatar teku na hayayyafa ba iyaka, ruwa ya kwashe 'ya'yanta ya watsa, ɗan kifin da bai fi tafin hannu ba yana wucewa su manne masa su ci fatarsa, guda goma sun isa su kashe shi. Na biyu kuma kifin keji na tserewa ya hau kogi ya haɗu da na daji, 'ya'yan da za a haifa ba su da ƙwarin iyayensu na asali don shi an tace irinsa ne ya yi ƙiba da sauri a keji, ba ya san hanyar Girinlan ya dawo ba. A Agustan 2023 kifi kusan 3,500 suka fice daga kejin kamfanin Arctic Fish a Patreksfjörður da ke yammacin Aislan, aka riƙa ganinsu a koguna masu nisa, har sai da aka ɗauko masu ninƙaya daga Norwe suna nutsewa da bindigar mashi suna harbo su ɗaya-ɗaya, manoma da masu fatsa suka cika dandalin gaban majalisa a Reykjavik suna zanga-zanga. A shekarar 2023 ɗin nan dai kifin da ya mutu a cikin kejin Norwe kafin a kai ga yanka ya haura miliyan 60, ka ajiye wannan kusa da na daji da bai kai rabin miliyan ba. Kuma wani ɓangare na man kifin da ake haɗa abincinsu da shi daga gaɓar Muritaniya yake fitowa, ƙananan kifin da talakan yammacin Afirka ke ci. Ban manta ba cewa ƙauyukan gaɓar teku da matasansu suka watse sun samu aiki ta dalilin kejin nan, su ma mutane ne masu iyali, shi ya sa 'yan siyasa ke jan ƙafa. Amma ana iya kiwon a rufaffen keji ko a kan tudu, tsada ce kawai ta fi, kuma ni a ganina wanda ke cin ribar shi ya kamata ya ɗauki tsadar ba kogi ba.

Wa ke tsayawa gaban masana'anta mai wannan ƙarfi? Galibi masu koguna ne da baƙinsu masu kuɗi, su ke ɗaukar lauyoyi, su ke biyan masu bincike. Nan ne tsorona yake. Jim Ratcliffe, attajirin nan mai kamfanin INEOS da 'yan ƙwallo suka sani da hannun jarinsa a Manchester United, tun wajen 2016 yake sayen gonaki a arewa maso gabashin Aislan, yankin Vopnafjörður inda kogunan Selá da Hofsá suke, har ya zama cikin manyan masu filaye a ƙasar. Ya ce don kare kifin yake yi, kuma ana aikin a zahiri, ana dasa bishiyoyi a gaɓa, ana gina matakalar da kifi zai hau ya wuce gangaren ruwa, ribar fatsar ana mayar da ita cikin aikin. Amma 'yan ƙasar da yawa hankalinsu bai kwanta ba, har majalisa ta tsaurara dokar tara filaye a hannun mutum ɗaya a 2020, kuma ina tare da su a wannan damuwa. Ƙungiyar manoma ashirin in ɗaya ya mutu sha tara na nan, amma in mutum ɗaya ya saye ƙuri'un ƙungiyar, ranar da ya gaji ko magada suka ga ba su da sha'awar kifi fa? Dubi abin da ya faru a yankin Kola na Rasha, inda tun farkon shekarun 1990 aka riƙa ɗaukar Turawa da Amurkawa a helikwafta daga Murmansk zuwa kogin Ponoi, sati ɗaya sama da dala 10,000, kuma kuɗin nan ne ya riƙa biyan masu gadin da ke korar ɓarayin kifi. Da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 baƙin yamma suka ɗauke ƙafa kusan gaba ɗaya. Tsaron da ya dogara da jirgin baƙi, siyasa na iya yanke shi cikin sati ɗaya.

A kogin Alta na Norwe sun nemi tsaka-tsaki, ƙungiyar masu haƙƙin kogin na sayar wa baƙi wasu makonni da tsada sosai, sauran kwanakin kuma a yi ƙuri'a mutanen gari su samu da kuɗi kaɗan, don yaron da aka haifa a bakin ruwan kar ya tashi yana kallon kogin garinsu ta bayan shinge. Wannan tsarin ya fi kwanta min, don wanda bai taɓa riƙe kifin ba da wuya ya fito zanga-zanga dominsa.

Wanda abin ya fi yi wa ciwo kuwa su ne Sami, 'yan asalin can ƙuryar arewa, da ke bakin kogin Tana a iyakar Norwe da Finlan, ɗaya daga cikin kogunan salmon mafi albarka a duk Turai a da. Su kifin nan abinci ne da gado, suna da kalmomi birjik na kiran sa gwargwadon girma da shekaru da lokacin shigowarsa. Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka yi a 2017 ta rage musu su na gargajiya da raga da shinge sosai, suka yi ta ƙorafin cewa an fi tausaya wa masu zuwa hutu, daga 2021 kuma aka rufe kamun salmon a kogin ga kowa da kowa don kifin ya yi ƙasa matuƙa. Ana cikin haka sai ga wani baƙon salmon mai doro ɗan asalin tekun Pasifik, wanda Tarayyar Sobiyet ta fara zubawa a kogunan Kola tun shekarun 1950, ya ɓarke daga 2017 yana shigowa duk shekara biyu, a 2023 wanda aka tsame daga kogunan Norwe ya haura 200,000, yana zuba ƙwai ya mutu ya ruɓe a gaɓa. Baƙon da ya saba zuwa Tana ya canja tikiti ya tafi Aislan ko Girinlan, dattijon Sami kuma yana nan a bakin ruwan da jirginsa a kife, jikokinsa suna tasowa ba su taɓa ganin yadda ake kafa shingen kifi ba.